In bar shago in karɓi aikin gyaran na'urori a asibitin soja?

Sadi_Inbata, Jos

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san aikin asibiti.

Ni mai gyaran kayan lantarki ne, shagona yana wajen Bauchi Road a nan Jos. Talabijin, sitabilaiza, inbata, cajar sola, har amfilifayar masallaci, duk ina taɓawa. Na yi ND a fannin lantarki a Barikin Ladi, amma hannun a wurin maigidana na same shi. Kawuna tsohon soja ne, ya je Laberiya zamanin ECOMOG, yanzu yana karɓar fansho, kuma hawan jini da suga sun sa ba ya rabuwa da asibitin soja. Shi ya zo mini da labarin cewa ana neman farar hula mai gyaran na'urori a wani asibitin soja da 'yan fansho ke yawan zuwa. Wai mutum ɗaya ne a sashen, shi ma ritaya ta matso masa. Kawu ya ce in haɗa takarduna, kuma shi in ya ce a yi abu ba ya son a tsaya ana me ya sa.

Abin da ke hana ni barci shi ne ban taɓa buɗe na'urar asibiti ba. Shin hannun da ya saba da inbata zai iya? Farar hula yana iya zama da sojoji lafiya, ko kullum mutum yana cikin "yes sa"? Sannan maganar kuɗi. Kasuwar gyara ta ja baya, talabijin ɗin yanzu in allo ya fashe sai dai sabo, sola ce kawai ke riƙe da mu. Duk da haka shagon yana ci da ni da iyalina.

Baban_Wokshop, Abuja

Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan aikin na tsufa a ciki, farar hula ne ni kamar kai, kuma daga teburin gyaran rediyo na fara.

Hannunka zai iya, wannan kada ya dame ka. Mafi yawan abin da ake kawo mana a ce ya mutu, ba wata babbar cuta ce da shi ba. Fiyus ne, ko wayar da ta karye a gindin filogi, ko batir mai bolt 12 da ya kumbura saboda an bar shi a sito ba caji, ko ɓangaren da ke karɓar wuta ya ƙone lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta. Wanda ya iya gyaran inbata ya riga ya san wannan ɓangaren fiye da wasu masu digiri. Abin da za ka sauya ba hannu ba ne, tunani ne.

A shago, in abu ya kama, mai shi ya gani, ya biya, an gama. A asibiti kamawar na'ura ba ta nufin komai. Wadda ta mutu murus ba ta cika kashe mutum ba, domin kowa ya ga ta mutu, sai a nemi wata. Wadda ake tsoro ita ce mai aiki tana ƙarya. Bari in ba ka misali da na'urar tace oksijin, wadda za ka fi yawan gani a ɗakin tsofaffi. Akwati ce mai taya, tana jan iskar ɗaki, kwamfuresa ta tura ta cikin wasu tuluna biyu masu ɗauke da wani gari mai kama naitirojin, abin da ya rage ya fita zuwa hancin mara lafiya. Ya kamata tsarkin oksijin ɗin ya kai kashi 90 zuwa 96 cikin ɗari. To ka shiga wod da hunturu, ka tarar da ita tana ƙugi yadda ta saba, ƙwallon da ke nuna lita yana kan biyar, kwalbar ruwa tana ɓulɓula, dattijo yana kwance da roba a hanci, 'ya'yansa hankali kwance. Ka zaro soson da ke bayanta, ya koma ruwan ƙasa, ka buga shi a tafin hannu ƙura ta tashi. Ka ɗora ma'aunin oksijin a bakin bututun, ka ga lamba tana yawo a saba'in da wani abu. Garin da ke cikin tulunan nan ya sha danshi ko kwamfuresa ta gaji. Ba wanda zai gane da ido, sai dai a ga numfashin dattijo bai daidaita ba, a ce ciwo ne ya tsananta.

Haka ma'aunin hawan jini mai allura. Kuskuren da aka yarda da shi bai wuce 3 ba. In ya faɗi ƙasa sau biyu zai iya karkacewa da goma, kuma yana ci gaba da motsi kamar lafiya lau. A asibitin da rabin masu zuwa irin kawunka ne, karkacewar goma tana nufin likita ya ƙara wa wani magani ba dalili, ko ya sallami wanda ya kamata a kwantar. Na'urar farfaɗo da zuciya kuma, in ka saita ta a jul 200, dole ka harba ta a kan ma'auni mai om 50 ka ga abin da ta bayar da gaske, kada ya kauce fiye da kashi 15 cikin ɗari. Kuma ka yi hattara da ita, kafasitar cikinta tana riƙe bolt sama da dubu ko bayan an cire filogi. Ba irin ta talabijin ba ce da za ta ɗan tsikare ka ka yi salati.

Na biyu, wayar ƙasa. Mu a gari mun raina ta. Filogi mai ƙafa biyu ake cusawa a soket mai uku da murfin biro, ba wanda ya damu. A asibiti wannan laifi ne babba. Kai mai lafiya, da busasshiyar fata, sai wuta ta kai wajen miliamfiya ɗaya kafin ka fara jin ta. Wanda aka zura wa waya ko bututu har kusa da zuciya, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba zai iya hargitsa bugun zuciyarsa. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta na'urorin asibiti, IEC 60601, ta ce na'urar da ke taɓa zuciya kada yoyon wutarta zuwa jikin mara lafiya ya wuce maikiroamfiya 10. Mitarka ta shago ba za ta auna wannan yadda ya kamata ba, akwai ma'auni na musamman. In ka je ganawa, ka tambaye su ko suna da shi, kuma yaushe aka daidaita shi. Amsar da za su ba ka za ta nuna maka irin wurin da za ka shiga.

Sai kayan kyauta. Ana kawo su daga Amurka, masu kyau, amma na bolt 110 zuwa 120 ne, mu kuma 230 muke da shi. Duk wadda ta shigo, kafin ta bar hannunka ka yanke filoginta, ka haɗa ta da taransifomarta ta yadda ba za su rabu ba, ka rubuta 110 da jan fenti a gabanta. In ka bar ta haka, wata rana da dare wani zai nemo adafta. Ko ka yi duk wannan, injin da ke juyawa a cikinta, wanda aka ƙera don wutar Amurka mai hertz 60, yana tafiya a hankali a kan hertz 50 ɗinmu, yana ɗaukar zafi, ba ya yin tsawon rai.

Abin da ya fi ci mini rai a aikin ba gyara ba ne, takarda ce. Abin naira dubu biyu sai ka rubuta, ta je wurin shugaban sashe, ta je sito, ta je wurin kwamanda, ta dawo an ce a kawo farashi daga wuri uku. Kai da ka saba tura yaro Terminus ya dawo kafin shayi ya huce, za ka sha mamaki. Ka ga na'ura ta miliyoyi a ajiye saboda roba ɗaya. Da yawanmu daga aljihu muke saye, wani lokaci a biya mu, wani lokaci a ce Allah ya saka. Ban ce ka yi ba, na dai faɗa maka abin da ake yi.

Amma takarda ɗaya kada ka yi wasa da ita: katin kowace na'ura. Ranar da ka duba, abin da ka auna, abin da ka sauya, sa hannunka. Ranar da wani abu ya faru, soja zai kafa kwamiti, kuma kwamiti ba ya jin "ai na duba ta". Kati yake nema.

Anti_Nas, Jos

Sadi ƙanena, Baban Wokshop ya faɗa maka na cikin akwati, ni bari in faɗa maka na wod, domin mu ne za mu riƙa kiranka.

Wayarka ba za ta mutu da dare ba. Injin zuƙo majina ba ya zaɓar lokacin tsayawa, kuma in ya tsaya muna kan mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya haɗiye yawu, minti biyar ma da yawa ne. Sannan abin da za ka tarar a cikin injin nan ba ƙura ba ce. In kwalbar ta cika ta tsallake, majina da jini har cikin famfo. Saboda haka kafin ka fara aiki ka yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, guda uku ne, ta farko, sai bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Safar hannu kullum. Kada ka karɓi na'ura daga wod sai an goge ta, kuma kada ka ci tsire a teburin da ka buɗe ta. Mu a Filato mun san zazzaɓin Lassa, ba labari muke ji ba.

Masu gyara biyu na yi aiki da su da ba na mantawa. Ɗaya gwani ne sosai, amma in ya ɗauki abu ya kai wokshop, sai mu yi ta'aziyya, domin ba za mu sake ganinsa ba sai an manta. Ɗayan bai kai shi iyawa ba, amma kowace safiya yana zagaya wod da ƙaramar jakarsa, ya taɓa wannan, ya jona wancan a caji, ya nuna wa sabuwar nas yadda ake naɗe wayar da ake maƙala wa a yatsa ba tare da an karya ta ba. Na biyun muka fi so, nesa ba kusa ba. Rabin abin da muke lalatawa rashin sani ne, ba wanda ya taɓa nuna mana.

Game da tsofaffin, ka iya gaisuwa. Wanda ka gani a kwance da zane ɗaya, wataƙila ya jagoranci bataliya. Da yawansu kunne ya tafi tun zamanin bindiga, sai ka tsaya a gabansu suna ganin bakinka. Wasu kuma, musamman yaran da aka dawo da su daga Arewa maso Gabas, ƙara ba ta yi musu daɗi. Kada ka zo ta bayan mutum ka saki akwatin ƙarfe a ƙasa, kada ka gwada ƙararrawar monita ba ka sanar ba. Abin da ka gani a wod kuma ya tsaya a wod, ko matarka ba ta da rabo a ciki.

Samanja_Mai_Ritaya, Bukuru

Ɗana, jikata ce ke rubuta mini wannan. Na shiga soja ana tsakiyar yaƙin basasa, wanda aka fara 1967 aka gama Janairun 1970. Irinmu mun yi kaɗan yanzu.

Tambayarka ta zama da soja mai sauƙi ce. Ka zo kan lokaci, katinka a wuya, ka san wa ke gaba da wa, kada ka tsallake na kusa da kai ka kai ƙara sama. Ba wanda zai sa ka tsallen kwaɗo, kai ba soja ba ne. In hafsa ya ce yana son abu ya tashi yau, kai kuma ka san bai kamata a jona shi a jikin mutum ba, ka ce "ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba", ka ba shi dalili, ka rubuta. Zai ɗaure fuska. Soja yana ɗaure fuska ga mai gaskiya, amma maƙaryaci yake rainawa.

Ni gwiwa ce ke damuna, da baya. Akwai wani abokina da muka yi bariki ɗaya, daga wajen Mangu yake shigo mota don a gasa masa ƙafa. Ya zo a ce injin gashi ya lalace, a dawo mako mai zuwa. Kuɗin motar nan daga fansho ya fita. Ya daina zuwa, yanzu sai an ɗaga shi. Ran 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye mana furanni, ana sakin tattabaru, mun gode. Amma injin gashi muka fi bukata. In kana da hannu, ka karɓa.

Habu_Texas

Malam Sadi, don ƙarin haske kawai. A nan Amurka 'yan mazan jiya ma'aikatarsu daban, VA, wadda aka kafa a 1930, ta zama cikakkiyar ma'aikata mai minista a 1989, tana da manyan asibitoci wajen 170. Farar hula ne ke aiki a ciki, kuma mai gyaran lantarki na iya faɗawa ɓangare biyu: na na'urorin jinya, ko na ginin kansa, wato ƙararrawar gobara, maɓallin kiran nas, kyamarori, lasifikoki. A gida ba mu da irin wannan tsari. Tsofaffin sojojinmu asibitocin soja suke zuwa, irin 44 na Kaduna da 68 na Yaba da na barikoki, ko wasu asibitocin da ke karɓar inshorar lafiyar sojoji ta DHML. Saboda haka ka tambaya da kyau wane ɓangare ake nufi. Ina zargin duka biyun za a ɗora maka, har da firjin ofishin oga.

Ɗan_Banex, Abuja

Kowa ya kawo maka wa'azi, ni lissafi zan kawo. Mai ND a aikin gwamnatin tarayya mataki na 6 yake shiga, mai HND na 8. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne, to ka ƙiyasta inda mataki na 6 zai tsaya, ka cire kuɗin mota zuwa bariki. Haɗa sola ɗaya mai kyau a Rayfield zai iya ba ka abin da ya kai wannan. Kada ka saki reshe ka kama ganye. In za ka je, ka bar yaro amintacce a shago, Asabar da Lahadi kana leƙawa.

Kuma ka binciki irin aikin. Na dindindin ne mai takardar ɗauka daga Ma'aikatar Tsaro, da fansho, ko na wucin gadi ne da kwamanda ke biya daga abin da asibiti ya samu? In na biyun ne, ranar da aka sauya kwamanda kana iya komawa gida. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi a saya maka gurbi, ɓarawo ne, ko da kaki a jikinsa.

Sadi_Inbata, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Samanja, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ɗan Banex, na tambayi kawu, shi ma bai san ko na dindindin ba ne, zan je da kaina in ji. Shagon ba zan rufe ba, ƙanena ya fara iyawa.

Baban Wokshop, saura biyu. Injin hoto fa, wato X-ray, shi ma ni zan taɓa? Kuma akwai wani karatu da ya kamata in ƙara, ko ND ɗin ta isa?

Baban_Wokshop, Abuja

Injin hoto da na wankin ƙoda da manyan injinan gwajin jini yawanci suna ƙarƙashin kwangilar kamfanin da ya kawo su, wasu ma an kulle su da lambar sirri. Naka shi ne ka tabbatar wutar da ke shiga cikinsu tsaftatacciya ce, sanyi yana aiki, ruwan wankin ƙoda yana bi ta matatarsa, sannan ka karanto wa injiniyan kamfani lambar matsalar da allo ya nuna ta waya. In ya zo, ka tsaya a kansa ka riƙe masa fitila, a nan za ka koya. Ɗakin hoto kuwa akwai dokar NNRA, hukumar da ke sa ido kan harkar nukiliya da hasken X-ray, kada ka yi aiki a ciki ba bajon auna haske a ƙirjinka.

ND ta isa ka shiga. In ka zauna, ka nemi a tura ka makarantar koyon gyaran na'urorin asibiti, akwai a asibitin koyarwa na ABU Zariya, akwai a LUTH ta Legas. Ka yi rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya, a rukunin da takardarka ta kai. Kafin nan ka sauke littafin gyara na na'urori uku daga intanet, ta tace oksijin, monita, da tukunyar dafa kayan tiyata, ka karanta har ka iya zana cikinsu ba ka duba ba.

Tunda a Jos kake, ga wani abu da na Legas ba zai faɗa maka ba. Tukunyar dafa kayan tiyata ana son ta kai digiri 121 ta tsaya aƙalla minti 15, ko 134 na minti uku, kuma littafi zai ce maka 121 yana zuwa ne in allura ta nuna 15 a ma'aunin matsi. Wannan lissafin bakin teku ne. Jos tana sama da mita 1,200, ruwa ma a wajen digiri 96 yake tafasa. Ƙaramar tukunya mai aiki da nauyin murfi kawai, in allurarta ta nuna 15 a Jos, zafin ciki wajen 119 ne. Kayan za su fito da zafi, nas ta ɗauka da tawul, amma ba a ce sun tsarkaka ba. Manya na zamani suna auna zafin kai tsaye, suna gyara kansu. Ƙananan da ke ɗakin haƙori da ɗakin ɗaurin ciwo su za ka bi, ka sa ma'aunin zafi da takardar gwaji mai sauya launi a tsakiyar ƙunshin, in bai kai ba a ƙara lokaci ko a gyara matsin bisa abin da littafinta ya yarda.

Ranar ganawa ka tafi da mitarka da hotunan aikin da ka yi. Ka roƙi a haɗa ka da dattijon da zai yi ritaya tun kafin ya tafi, ka tambaye shi inda katunan suke, da makullin sito, da lambobin injiniyoyin kamfani. In an saka ranar, ka rubuto a nan, zan turo maka tambayoyin da aka saba yi.